Ƙafar Fara Tana Da Ji: Yadda Ƙwari Ke Sarrafa Ƙafafu Shida

Duk wanda ya shiga kasuwar Mai'adua ranar Lahadi, daga kaka zuwa tsakiyar hunturu, ba zai rasa ganin fara ba. Ga ta a buhu, ga ta a tire an soya da mai da yaji, ana aunawa da gwangwani. Da yawa daga cikinta daga Nijar ake shigo da ita, ta iyakar Kwangwalam. Kafin a soya, mai suya takan fige fukafukai, ta cire manyan ƙafafun baya ta zubar, saboda ƙayar da ke jikinsu.

To, wannan ƙafa da ake zubarwa ba abar rainawa ba ce. Masana sun shafe fiye da shekara 80 suna bincike a kan ƙafar ƙwaro, kuma abin da suka gano ya shafi manomi, ya shafi mai kamun fara, ya shafi mai ci. Sun gano cewa ƙafar tana da ji. Tana sanin inda take, tana sanin nauyin da ta ɗauka, tana kai labari ga sauran ƙafafu. Har ma sun gano cewa a jikin cinyar fara ne bala'in farin ɗango yake farawa.

Tafiyar duwatsun murhu

A wurin masana, ƙwaro na ainihi shi ne mai ƙafa shida, kamar fara da kyankyaso da tururuwa da ƙuda da gyare. Gizo-gizo da kunama ƙafa takwas gare su, saboda haka ba a lissafa su a wannan gida. Ƙafafun nan shida duk a ƙirji suke, uku dama uku hagu, kuma kowace ƙafa tana da gaɓoɓi da yawa. Mutum mai ƙafa biyu ma yakan yi tuntuɓe. Yaya ƙwaro yake tafiya da shida ba su harɗe ba?

Duk macen da ta taɓa girki ta san dalilin da ya sa duwatsun murhu suke uku. Tukunya ba ta zama a kan biyu, amma a kan uku ba ta girgiza. Haka ƙwaro yake yi idan yana sauri. Yakan dasa ƙafa uku a ƙasa: ta gaba da ta baya a gefe ɗaya, da ta tsakiya a ɗaya gefen. Sauran ukun suna sama suna miƙawa gaba. Da sun sauka, sai na farko su tashi. Ke nan kullum jikinsa yana kan murhu, bai taɓa zama babu madogara ba. In kuwa yana tafiya a hankali, sai ya riƙa ɗaga ƙafa ɗaya ko biyu kawai, daga baya zuwa gaba.

Ba ƙwaƙwalwa ce take ƙirga wannan taku ɗaya bayan ɗaya ba. A cikin ƙirjin ƙwaro akwai ƙulli uku na jijiyoyin saƙo, kowane ƙulli yana kula da ƙafa biyu. Abin ya yi kama da tsarin sarauta. Ƙwaƙwalwa ita ce sarki: ita ke cewa a tafi, a tsaya, a juya dama. Ƙullin nan uku su ne hakimai, kowa da ƙasarsa, su ke yanke ƙananan hukunci ba sai an je fada ba. Shi ya sa kyankyason da aka cire wa kai yake iya tsayuwa a kan ƙafafunsa, in an taɓa shi ya motsa, har ya yi kwanaki bai mutu ba. Amma hakimi ba ya aiki sai da masu kawo masa labari. Masu kawo labarin nan su ne gaɓoɓin ji da ke cikin ƙafa.

Masu kai labari

Ƙashin ƙwaro a waje yake. Ɓawon nan mai tauri da ke ƙaras-ƙaras a baki idan ana cin fara, shi ne ƙashinsa, naman yana ciki. Ɓawo shi kaɗai ba ya jin komai, kamar farce. Don haka aka halicci ƙwaro da wasu ƙananan abubuwa a jikin ɓawon da kuma cikinsa, waɗanda ba a ganin yawancinsu sai da madubin ƙara girma na ɗakin bincike.

Na farko gashi ne. Ƙafar fara cike take da ƙananan gashi, kuma a gindin kowane gashi akwai jijiyar saƙo. Da wani abu ya lanƙwasa gashin, sai saƙo ya tafi. Wasu gasun a cure suke wuri ɗaya a bakin gaɓa, kamar buroshi. Idan gaɓar ta lanƙwashe, sai fatar wurin ta danne su. Yawan gasun da aka danne shi ke gaya wa ƙulli iyakar inda ƙafa ta kai.

Na biyu wasu 'yan ƙoƙuna ne a cikin ɓawo, kamar an kife ƙanƙanin ƙoƙo a bakin rami. Aikinsu auna nauyi. Idan ƙafa ta taka ƙasa nauyin jiki ya hau kanta, ɓawon yakan ɗan matsu, sai ƙoƙon ya motsa, jijiyar da ke ƙarƙashinsa ta kai labari. Wani masani ɗan Ingila, J. W. S. Pringle, shi ya bayyana aikinsu a 1938, a binciken da ya yi a kan kyankyaso a Jami'ar Cambridge. Waɗannan ƙoƙuna su ke riƙe da babbar dokar tafiya: ƙafar da ke ɗauke da nauyi ba ta tashi. Sai maƙwabciyarta ta sauka ta karɓi kayan, nauyi ya ragu, sannan a ba ta izini. Masu dakon buhu a kasuwa sun san wannan doka. Ba ka sakin buhu sai abokinka ya ce ya riƙe.

Na uku kuwa ya fi ban mamaki. A cikin cinya akwai wata tsirkiya siririya, kamar ta goge. Bakinta ɗaya yana ɗaure a gwiwa, ɗayan yana jikin wani gungun jijiyoyi. Idan gwiwa ta lanƙwashe sai tsirkiya ta ja, idan ta miƙe sai ta saki. Ta haka ƙwaro yake sanin yadda gwiwarsa take, da saurin motsinta, ba tare da ya duba ba. Mutum ma yana da irin wannan ji. Shi ya sa yake iya kai loma baki cikin duhu.

Wani masani Bajamushe, Ulrich Bässler, ya gwada muhimmancin wannan tsirkiya a shekarun 1960 da 1970. Ya yi aiki da wani ƙwaro dogo mai kama da tsinke. Ya kwance bakin tsirkiyar daga inda yake, ya mayar da shi ɗaya gefen gwiwar, yadda labarin zai juye: in gwiwa ta miƙe sai a ce ta lanƙwashe. Ƙafar lafiyarta ƙalau, namanta ba abin da ya same shi. Amma da ƙwaron ya fara tafiya, sai ƙafar nan ta riƙa tsayawa a sama a miƙe, kamar soja yana sara wa babba, sauran biyar suna ta tafiya. Ƙarya kawai aka yi wa hakimi, aiki ya lalace.

Ba nan abin ya tsaya ba. Ƙasa da gwiwa akwai wata gaɓa mai jin girgizar ƙasa da ta kara. Kafin yaro ya kai hannu, fara ta riga ta ji takunsa, ko ta ji karan gero ya motsa. Gyare kuwa kunnuwansa ma a ƙwaurin ƙafafun gaba suke, ita ko fara nata suna gefen ciki, a ƙarƙashin fukafukai. Ƙuda da malam-buɗe-littafi da tafin ƙafa suke ɗanɗana abinci. Ƙudan da ya sauka a bakin ƙwaryar fura, kafin ya sa baki ya riga ya san akwai zaƙi.

In ƙafa ta rasa mataki

Gona ba daɓe ba ce. Akwai kunya, akwai rami, akwai kara da ciyawa. A 1984 wasu masana a ƙasar Kanada sun sa fara tafiya a kan wuri mai gargada suna kallo. Idan ƙafa ta kai inda take zaton ƙasa ba ta samu ba, sai ta riƙa lalube cikin sauri har ta kama wani abu. Idan ta bugi abu a hanya, sai ta ja da baya, ta ƙara ɗagawa sama, ta tsallake. A wasu ƙwarin kuma an ga ƙafar baya tana sauka kusa da inda ta gabanta ta taka, domin ta gaban ta riga ta gwada wurin. Makaho da ɗan jagora ke nan.

Yaran karkara sun san cewa in ka kama fara ta ƙafar baya, takan bar maka ƙafar ta tsere. Akwai wani wuri kusa da jiki da aka shirya don ya ɓalle ba tare da zubar ruwan jiki da yawa ba. Abin lura shi ne, ba ta zauna koyon sabuwar tafiya ba. An gwada cire wa kyankyaso ƙafafun tsakiya duka biyu. Nan take sai ya canja salo, ya riƙa ɗaga ta gaban dama tare da ta bayan hagu, kamar sassarfar jaki. Da tsarin taku a rubuce yake a ƙwaƙwalwa ba ya canjawa, da faɗuwa zai yi. Amma tun da nauyi ya koma kan ƙafafun da suka rage, labarin da suke kaiwa ya canja, tafiya ma ta canja.

Kyankyaso yana da wata dabarar kuma. A gindinsa akwai 'yan tsinke biyu masu ɗaruruwan gashi siriri da ke jin motsin iska. Iskar da takalmi ya turo kafin ya sauka ta isa. Saƙo yakan wuce kai tsaye zuwa ƙullin ƙafafu, cikin kamar kashi ɗaya cikin 20 na sakan ya juya ya ba iska baya. An auna gudun babban jan kyankyaso ya kai mita ɗaya da rabi a sakan. Wanda ya kai masa duka ya kuskure, kada ya zargi hannunsa.

Har ƙirgen tafiya ƙafa tana yi. A 2006 masana uku, Wittlinger da Wehner da Wolf, sun yi gwaji da wata tururuwa ta hamadar Tunisiya. Sun sa abinci mita 10 daga raminta. Da tururuwan suka iso, sai aka manna wa wasu gashi mai tauri a ƙafa don ƙafar ta ƙara tsawo, wasu kuma aka rage musu. Masu doguwar ƙafa suka wuce gida, sai da suka yi kamar mita 15 suka fara neman rami. Masu gajeruwa suka tsaya a wajen mita 6. Ashe taku suke ƙirgawa.

Tsallen fara

Naman cinyar fara yana da ƙarfi, amma ba shi da saurin da zai cilla ta sama kai tsaye. Saboda haka dabarar maharbi take yi. Da farko takan naɗe ƙwauri ya manne da cinya. Sannan naman miƙewa da naman lanƙwasawa su ja tare, kowa yana ja, gwiwa ba ta motsi, har wajen rabin sakan. A wannan lokaci wasu sassa masu tauri a gefen gwiwa suna tanƙwaruwa kamar baka. Sai a saki naman lanƙwasawa farat ɗaya. Cikin kamar kashi ɗaya cikin 30 na sakan ƙafa ta miƙe, fara ta yi sama. Babbar fara tana iya cin mita guda a tsalle ɗaya. Masana biyu a Ingila, Heitler da Burrows, su suka bi diddigin wannan tsari a 1977.

A nan ma tsirkiyar cinya ce mai gadi. Idan ƙwauri bai naɗe sosai ba, gaɓoɓin ji sukan kai labari, sai a fasa jan bakan. Maharbi ba ya saki sai kibiya ta zauna daidai.

Duk wannan aiki yana bukatar ɗumi. Fara ba ta riƙe zafin jiki kamar mutum ko akuya, zafin rana take aro. Cikin sanyin hunturu, da dare ko da asuba, namanta da jijiyoyinta sukan yi nauyi, tsalle ya gagara. Masu kamun fara sun daɗe da sanin haka, shi ya sa suke fita da tocila cikin dare ko kafin rana ta ɗaga, su tsince ta a jikin ciyawa da geza kamar ana tsintar gyaɗa.

Inda farin ɗango yake farawa

Fara iri-iri ce. Wadda ta fi damun manoman gero a ƙasar Daura da kudancin Nijar ita ce ƙaramar farar nan mai yin ƙwai a ƙasar rairayi, ya ƙyanƙyashe da ruwan farko ya cinye shuka, sannan ta dawo wa zangarniya kafin tsaba ta yi ƙwari. Ta yi ɓarna ƙwarai a ƙasashen bakin hamada a 1986. Amma wadda tsofaffi suke ba da labarinta, mai rufe rana, ita ce farar hamada. Ta yi babbar annoba daga 1987 zuwa 1989. Ta sake aukuwa a 2004, ta faɗa wa gonaki da makiyaya a Nijar. Ga ta ga ƙarancin ruwa, sai aka shiga yunwar 2005, wadda ta tsananta a jihohin Maraɗi da Damagaram, maƙwabtan Katsina. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce garken da ya rufe murabba'in kilomita ɗaya yakan ƙunshi fara miliyan 40 zuwa 80, kuma a yini guda yana cin abin da zai ciyar da mutum 35,000.

Abin mamaki, wannan fara a yawancin shekaru ba ta son jama'a. Tana zaune ɗai-ɗai a wurare irin su Azbin da Tamesna a arewacin Nijar, ɗanta kore ne, babbar kuma launin ƙasa, in ta ga 'yar'uwarta kaucewa take yi. A da ana zaton farar kaɗaici da farar garke iri biyu ne dabam. A 1921 wani masani ɗan asalin Rasha, Boris Uvarov, ya bayyana cewa fara guda ce take sauya hali da kama. Sai tambaya ta rage: me ke sauya ta?

A 2001 Stephen Simpson da abokan aikinsa a Jami'ar Oxford suka ɗauki farar kaɗaici, suka riƙa shafa mata ƙaramin buroshi a wurare dabam-dabam na jiki, kowace fara wuri guda, har awa huɗu. Wadda aka shafa wa baki ko ciki ko fiffike, ba wani canji sosai. Amma wadda aka shafa wa bayan cinyar ƙafar baya, sai ta daina gudun 'yan'uwanta, ta shiga nemansu, ta ƙara kuzari. Wurin nan shi ne ya fi fitowa waje a jikin fara, shi ke gogar maƙwabciya idan an yi cunkoso. A 2009 kuma aka gano cewa cikin awa biyu wani sinadari mai suna sirotonin yakan ninka kamar sau uku a ƙullin ƙirji, wato a gidan hakiman ƙafafu, kuma shi ke buɗe ƙofar sabon halin. Ganin sauran fari tare da jin warinsu shi ma yana iya jawo haka.

Yanzu sai a duba yadda abin yake faruwa a daji. An yi ruwa mai kyau a hamada, ciyawa ta fito, fara ta hayayyafa. Sai ruwa ya ɗauke, ciyawa ta bushe, saura 'yan wurare kore a kwari. Dole kowa ya taru a nan. Cinya ta gogi cinya. Wadda ta sauya hali ta jawo wata, taro ya ƙara yawa, guga ta ƙaru. Hali yakan sauya cikin awoyi, launi kuwa sai a hankali: ɗango ya koma baƙi da rawaya, ya yi jerin gwano yana tafiya fuska guda. Bayan ya yi saɓa sau biyar, cikin kamar mako biyar zuwa shida, sai fiffike ya fito. Daga nan garke yana iya cin kilomita 100 zuwa 150 a yini, iska na tura shi. Shi ya sa ma'aikatan yaƙi da fari suke shiga hamada bayan damina suna neman inda ta fara taruwa. Kashe wuta tun tana tartsatsi ya fi sauƙi.

Farar da ƙafarta ke karkarwa

Saƙon da gaɓoɓin ji suke aikawa, idan ya isa ƙulli, wani sinadari ne yake tsallakar da shi daga jijiya zuwa jijiya. Da ya gama aiki sai jiki ya share shi, don hanya ta buɗe wa saƙo na gaba. Magungunan feshi da yawa, irin su malatiyon da fenitirotiyon da ake fesa wa fari, da fiya-fiyar da ake sa wa ƙwarin ɗaki, wannan sharewa suke hanawa. Sai saƙo ya yi ta maimaituwa ba tsayawa. Kowa yana magana, ba mai saurare. Wannan ne dalilin da ya sa kyankyason da aka fesa wa magani yake faɗuwa rigingine yana harba ƙafafu barkatai. Dokar murhu ta rushe.

Jijiyoyin mutum ma suna aiki da wannan sinadari, don haka gubar da ta kama fara tana kama mai cinta. Farar da ta yi sanyi saboda hunturu tana zaune daram, ta riƙe kara da ƙafafunta, in ta ji ɗumin hannu sai ta fara harbi. Farar da ta sha magani kuwa takan kasance a ƙasa da rana tsaka, tana karkarwa, tana tangaɗi, ko an same ta a mace da yawa wuri guda. Irin wannan ba ta ci ba ce, ba ta sayarwa ba ce, ba a kuma ba kaji. Suya ba ta da tabbacin kashe guba. Haka nan a gonar da aka san an yi feshi, ko da farar tana tsalle lafiya, a bar ta. Wanda ya ci ya ji ciwon kai da jiri da amai da yawan zufa da dalalar miyau, a kai shi asibiti nan da nan, a gaya wa ma'aikacin lafiya abin da ya ci. In an san maganin da aka fesa, a tafi da kwalbar.

Manomin da ya ga ɗango ya yi yawa a gefen gona ko a makiyaya, musamman in ya ga suna cure wuri ɗaya ko suna tafiya fuska guda, ya hanzarta gaya wa mai unguwa ko dagaci, da malamin gona na hukumar KTARDA, ko sashen aikin gona na ƙaramar hukumar Mai'adua. Ya faɗi ranar da ya gani, da wurin, da launin ɗangon, da ko fiffike ya fara fitowa. In da hali ya kama guda biyu ko uku ya sa a kwalba ya tafi da su, da ƙafafunsu duka, domin da kamannin jiki da na ƙafa malamin gona zai gane ko wace iri ce.